Fitilun Zaurena Mai Taya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Masu Gidaje na rukuninmu da ke Largo, jihar Maryland, Sarkin Tsawon Ciyawa, Wakilin Kwandunan Shara, mai faɗa a ji kan launin fentin ƙofa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda talaka ke yi wa mai mulkinsa, da tambayar lafiyar uwargida, da ta karenku wanda na ga an saya masa takalma, ina mai sanar da kai cewa takardarka ta iso. Na same ta manne a ƙofata da salatif, a buɗe, daidai tsayin idon duk mai wucewa. Na gode da wannan kulawa, domin da a ambulan aka sako ta da maƙwabta ba su sami abin karantawa ba. Na fahimci umarninka sarai: in sauke duk fitilun da na liƙa a jikin motar nan tawa mai ɗaki da gado a ciki, wadda ku kuke kira Ar-Bi, in kuma kawar da ita daga filin ajiye motoci kafin ƙarshen wata.

Da Hausa na rubuto amsa, ranka ya daɗe, ba don raini ba. Turancina na wurin aiki ne, na sunayen magani da yadda ake shan su. In na ce zan yi roƙo da shi, faɗa yake komawa. Maƙwabciyarmu Chundung, nas ɗin nan 'yar Jos, ta yi alkawarin fassara maka, ta kuma ce za ta rage wuraren da na yi wa kaina tonon silili. Na ce mata kada ta rage ko ɗaya.

Kafin in shiga ƙorafi, ga gundarin maganar. Hasken nan da ka ce a kashe shi kaɗai ke riƙe da surukata a ƙasar nan. In ya mutu za ta koma Kano. In ta koma, matata Sailuba za ta zauna ita kaɗai da jaririya da ɗinkin tiyatar da bai gama warkewa ba, ni kuma ina can asibiti tun safe. Na san babu wannan babi a kundin dokokinku, shi ya sa zan bi shi dalla-dalla.

Sunana Zulkifilu Dabo, aikina haɗa magani. A tsakiyar zafin bana Allah ya ba mu 'ya mace, Umaima. A al'adarmu mai jego gidan iyayenta take komawa, a yi mata ruwan zafi, a dama mata kunu, a karɓar mata jariri ta yi barci. Tunda Kano ba bayan gida take ba, sai gidan iyayen ya taso ya zo mana: mahaifiyarta, Hajiya, ta hau jirgi karon farko a rayuwarta. Kada ka tambaye ni sunanta na yanka. Bakina bai taɓa faɗa ba, alƙalamina ma ba zai fara ba.

To, a wurinmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Ba ya miƙe ƙafa, ba ya ƙyaƙyata dariya, ba ya haɗa ido da ita. In ya hango ta tafe sai ya durƙusa, ko ya canza hanya in da hali. Ita ma haka take yi masa: in tana da saƙo, ta bakin 'yarta zai bi, ko da yana tsaye a wurin. Ba gaba ba ce, kunya ce, kuma mu girmamawa muka ɗauke ta. A gida abin ba wuya, domin magabata sun gina gidaje da hankali. Akwai zaure a bakin ƙofa, inda maigida zai zauna ya ci tuwonsa ya karɓi baƙinsa, mata suna can ciki. Amma don Allah, ranka ya daɗe, wane ne ya zana gidajen nan namu? Bai taɓa yin suruka ba ne? Ƙofa ɗaya, matakala ɗaya, kicin a hangame yana kallon falo ba ko labule, banɗaki a kan hanyar kowa. A makon farko na durƙusa a kan matakalar nan har gwiwata ta fara ƙara. Abincina a ɗakin injin wanki nake ci, a tsaye, in kunna injin ba kaya a ciki don kada a ji ƙarar cokali. Na rame, abokan aiki suka zaci motsa jiki na fara, suna ta taya ni murna.

Abokina Oumarou, Badamagare mai tuƙa babbar mota da ke zaune a Hyattsville, shi ya kawo mafita. Ya ce ya san wani dattijo da ke son rabuwa da tsohuwar Ar-Bi, ya ce, “Aboki, ai zaure ne, taya kawai aka sa masa.” Na saya. Muka lallaɓa ta can ƙarshen filin motoci, gindin bishiyoyi, jikin shinge. Wurin duhu ne, ita ma launinta na ƙasa ne, kwamitinka bai tanka ba. Ko bai gani ba ne, ko ya kau da kai ne, Allah ya saka. Na sami wurin cin tuwo da hannu, da miƙe ƙafa, da yin gyatsa ba fargaba. Da na tsaya a nan, da har yau ba ka san sunana ba.

Amma ƙoshi ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Da na fara mayar da jiki sai na fara ganin aibun motar. Gilasan fitilun gabanta sun yi rawaya kamar haƙoran mai cin goro. Ƙwan da ke saman ƙofarta kuwa, sai ka kunna ashana ka duba ko yana ci. Na ce haba, zauren Zulkifilu ne zai zauna a haka? Na shiga waya na yi odar sababbin fitilun gaba, da fararen ƙwayayen nan na zamani da ake kira El-I-Di, da wata doguwar igiya mai jerin ƙananan fitilu ta ƙarƙashin rumfa, da babbar fitila ɗaya ta gefe, da wata mai kama kanta in ta ga motsi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Ga ƙorafe-ƙorafena.

Na ɗaya. Takardarka ta ce haskena yana cutar da maƙwabta. Ranka ya daɗe, na maimaita wannan layin har na zaci idona ne. A Kurna na tashi, inda wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta bankwana in za ta tafi. A can, duk wanda Allah ya hore wa janareta, abu na farko da zai yi shi ne ya ja waya ya rataye ƙwai ɗaya a saman ƙofarsa yana kallon layi. Wannan sadaka ce. Mai shayi zai kafa teburinsa, dattawa su shimfiɗa tabarma, masu karatu su buɗe littafi, masu waya su yi layin caji. Mutumin da ya haska cikin gidansa ya bar ƙofar gida da duhu, har jikokinsa sai an yi wa gori. Saboda haka da babbar fitilata ta iso, ban karkatar da ita kan ƙafafuna kamar marowaci ba. Waje na juya ta, da gangan, ta rufe filin motocin nan gaba ɗaya, tunda na lura fitilun kan layin naku kamar an shafa musu manja. Wallahi tallahi alheri na nufa. Har lemo da dabino na saya na ajiye saboda waɗanda za su zo godiya, na sa hula na zauna a bakin ƙofa. Babu wanda ya zo. Ashe a ƙasar nan duhu ma dukiya ne da ake karewa da doka? Me ya sa ba a faɗa mini ba tun a filin jirgi? Lemon nan ni na shanye shi.

Na biyu. Ka ce fitilun gabana sun haska ɗakin kwanan Malam Elvis, a hawa na sama na gidan da ke fuskantar motar. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ina roƙon a yi adalci wajen raba laifin. Ni da Oumarou muka yi aikin ranar Asabar. Ni magani na karanta, shi sitiyari ya sani, kuma a tsakaninmu babu wanda ya taɓa riƙe sukundireba da sunan sana'a. Da farko ƙwayayen sun ƙi kamawa. Muka yi ta tsine wa kamfanin, ashe irin wannan ƙwan yana da kai yana da gindi, in ka juya shi ba zai ci ba. Oumarou, da yake su ampul suke ce wa ƙwan fitila, ya ce ampul ɗin ce ba ta da tarbiyya. Bayanin da ya zo cikin kwalin ya ce a tsayar da mota a wuri mai daidai tana kallon bango, a riƙa juya sukurori har hasken ya sauko ƙasa. Oumarou ya ture kwalin da ƙafa, ya ce wannan na matsorata ne, su a hanyar Agadas ido suke sa wa abu. Ni da digirina na ce haka ne.

Da magariba ta yi muka kunna. Ranka ya daɗe, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Hasken ya miƙe sama tsaye, ya ratsa tagar Malam Elvis, ya same shi da tawul yana aske gemu. Bawan Allah ya zaci 'yan sanda ne, ya leƙo da hannuwa biyu a sama, kumfa a rabin fuska. Washegari na je ba da haƙuri yadda aka koya mini: na ɗauki ƙunshin kilishi, na sa Oumarou a gaba a matsayin dattijon roƙo, muka durƙusa a dandamalinsa. Bai buɗe ba. Ta cikin ƙararrawar ƙofa mai kyamara ya yi mana magana. Na sha ba mutane haƙuri a rayuwata, amma ban taɓa durƙusa wa ƙararrawa ba sai ranar. Kilishin muka ajiye masa a kan tabarmar goge ƙafa.

Tun daga nan mun sauko da fitilun, yanzu tayoyinta suke haskawa. Siginarta kuma, tun da muka canza mata ƙwai, ƙifta take yi da sauri kamar mai jin tsoro, Oumarou ya ce zumuɗin sabon abu ne, za ta huce. Sailuba ta yi mini tambaya ɗaya da har yau ban amsa ba: motar da tun da na saye ta ba ta motsa daga gindin bishiya ba, ina za ta da sababbin fitilun gaba? In kwamitinka yana da amsa, a taimaka mini da ita.

Na uku. Wannan ba ya cikin takardarka, amma ba ni da wata hukumar da zan kai wa ƙara. Fitilar nan mai ganin motsi, don ɓarayi na saye ta. Har yau mutum ɗaya ta kama. Wata magariba na sulale daga cikin gida da kwanon tuwon shinkafa miyar taushe, ina sanye da gajeren wando da silifas, na riga na jefa tsokar nama a baki saboda yunwa ba ta san hanya tana da nisa ba. Ina kaiwa tsakiyar fili sai fau, ta kama. Tagar ɗakin Hajiya can take kallo, Hajiya kuma tana tsaye a jikinta. Na zube a kan kwalta, kwano a hannu, nama a baki. Gaisuwa ta gagara, haɗiya ta gagara. Na daskare har fitilar ta mutu. Ina yunƙurin tashi ta sake kamawa, na sake zubewa. Hajiya ce ta ji tausayina ta ja labule, Allah ya ba ta Aljanna. Ina tambaya cikin ladabi, a duk kundin hukuncinku akwai wanda ya kai wannan? In babu, ashe an riga an hukunta ni.

Na huɗu. Ka ce ana taron jama'a a filin motoci ba da izini ba. A nan zan roƙi Chundung ta fassara a hankali.

Ranar da fitila ta kama ni, kunyata kawai na gani. Ban tambayi kaina me Hajiya take yi a jikin taga ba. Ashe kullum a nan take wuni. A gidanta na Kano tsakar gida ba ta rabuwa da mutane, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta kawo ƙarar mijinta, sallama ba ta yankewa daga asuba zuwa isha'i. A nan kuwa, tun da ta zo, in ba asibiti ba ba ta taka waje ba. Sanyin na'ura ya kama mata gwiwa. Layi shiru, ƙofofi a rufe, motoci su shiga gareji su haɗiye masu su. Ta tambayi 'yarta ko rasuwa aka yi a unguwar. Ana yin arba'in ta rage cin abinci, ta ninke kayanta ta zuba a jaka, ta ce a matso mata da ranar tikitinta. Na ji Sailuba tana kuka a banɗaki ta saki famfo don kada uwarta ta ji. Na ji tsoro, ranka ya daɗe, tsoro na gaske, domin na ga yadda matata ke dafa bango in za ta hau matakala da jaririya. Kuma ba ni da bakin da zan roƙi Hajiya ta zauna. Abin da na iya shi ne na koma zaurena na ci gaba da jan wayoyi, ni gwanin kawo ɗauki.

Igiyar fitilun rumfa ce ta ƙarshe da na ɗaura. Haskenta ba mai kashe ido ba ne, ƙasa yake zuba, daidai faɗin tabarma biyu. Washegari bayan sallar magariba, ina cikin motar ina shirin buɗe kwano, sai na ji motsi. Na leƙa. Hajiya ce ta fito da tabarmarta da carbinta, ta shimfiɗa a ƙarƙashin rumfar, ta zauna ta miƙe ƙafa. Sailuba ta biyo ta da gudu-gudu tana tambayar lafiya. Hajiya ta ce, “Lafiya lau. Yau dai na ga ƙofar gida a garin nan.” Ni kuwa ina ciki a tsugune, ba damar fita, tuwona ya huce a gabana.

Ba a jima ba mahaifiyar Chundung, wadda muke kira Ngo, ta hango hasken daga tata tagar. Ita ma renon jikoki ya kawo ta, ita ma a kulle take, ga shi muna layi ɗaya ba wanda ya san da ita. Ta jawo kujerar roba ta zo ta yi sallama da Hausarta ta Jos. Yanzu kullum suna nan suna musu a kan ko kunun acca ya fi na gero riƙe ciki, kuma ba alamar za a sasanta. Sai wata tsohuwa 'yar Habasha daga layin baya, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma tana zuwa da butar gahawa, su yi ta hira kowa da yarenta, suna dariya a wuri ɗaya. Umaima tana yawo daga cinya zuwa cinya. Sailuba tana samun barci. Jakar Hajiya kuwa ta koma ƙarƙashin gado ba komai a cikinta, ba a sake maganar tikiti ba.

Wannan shi ne taron da aka kawo maka ƙara a kansa: tsofaffi uku, jaririya ɗaya, da fulas na kunu. Ƙarar da ta fi kowace tashi a wurin ita ce ta ɓare gyaɗa. Wane izini ake nema wa wannan, kuma a wane ofis?

Kada ka zaci ni na ci riba. Zauren ya fita daga hannuna. Sun zuba kofunansu a ciki, Ngo tana shanya kuɓewa a gaban sitiyari saboda rana tana dukan gilashin, gadona ya zama wurin canza wa jaririya kaya. Ba na iya kusantar wurin sai da sallama daga nesa. Na koma ɗakin injin wanki.

Na biyar, kuma na ƙarshe. Ni mai bin doka ne, ban taɓa barin kwandon sharata ya kwana a waje ba, kai shaida ne. Jiya na dawo daga aiki da sauran rana, na ce bari in cika umarninka kafin su fito, don kada in yi a gabansu. Na jingina tsani a jikin motar, na hau da sukundireba, na fara kwance igiyar rumfa. Ƙasan wurin ba daidai yake ba, tsanin yana ta rawa. Can sai na ji ya tsaya cik. Na duba ƙasa. Hajiya ce ta riƙe shi da hannu biyu, tabarmarta a yashe a gefe, ta juyar da fuskarta wajen shinge kamar yadda ya kamata. Sailuba ba ta wurin, babu bakin da saƙo zai bi. Sai ta ce, “A hankali, ɗana. Matse ta da kyau, jiya iska tana ta kaɗa ta.”

Ta zaci gyara nake yi.

Ranka ya daɗe, na matse. Duk sukurun da na kwance na mayar, waɗanda ban taɓa ba ma na ƙara musu. Na daɗe a saman nan fiye da yadda aikin yake buƙata, domin idona ya kawo ruwa kuma ba zan sauko da shi a gabanta ba. Ita kuma ba ta saki tsanin ba har na sauko.

Saboda haka ga roƙona, ina durƙushe. Fitilun gaba zan cire musu waya yau. Babbar ta gefe na riga na kashe, na mayar wa maƙwabta duhunsu cif, ba abin da ya taɓa shi. Mai ganin motsi kyauta na ba kwamiti, a liƙa ta a ƙofar duk wanda kuke so ku tozarta. Abin da nake nema shi ne a bar motar a gindin bishiyarta, a bar igiyar rumfa tana ci, zuwa lokacin da sanyi zai kore su ciki da kansa, lokacin ɗinki ya warke, Hajiya kuma ta koma gida a ranar da aka tsara tun farko, da ƙafarta, ba da gudu ba.

In kuma kwamiti ya ga ba hali, hukunci naku ne, ba ni da ja. Sai dai ku aiko da mutuminku da tsaninsa. Ya zo tsakanin magariba da isha'i, ya yi sallama, ya cire takalmi kafin ya taka tabarma, ya faɗa mata da kansa. Ni bakina ba zai iya ba, hannuna kuma ya gwada jiya.

Allah ya ja zamaninka, ya daidaita maka tsawon kowace ciyawa, ya ba ka suruka ta gari da gidan da zai ɗauke ku ku biyu.

Naka mai biyayya a kan shara, da ciyawa, da fenti, da komai in ban da wannan,

Zulkifilu Dabo
Daga ɗakin injin wanki,
Largo, Maryland.